Dodannin Hoton da Aka Auna da Mudu

Da mudu aka raba su, mudun awon shinkafa. Duk wanda na ba labarin nan sai ya fashe da dariya idan na zo nan, ni kuwa har yau ban gano inda abin dariyar yake ba.

Mahaifinmu mai hoto ne a Argungu. Shagonsa ɗan ƙarami ne a hanyar kasuwa, an shimfiɗa ledar ƙasa mai gida-gida, an rataye labule mai zanen bene da wasu itatuwa da ba a taɓa ganin irinsu a fadamarmu ba. A gaban labulen nan rabin garin suka tsaya, angwaye da 'yan makaranta da masunta riƙe da kifin da suke taƙama da shi. Kyamararsa irin mai ido biyu ce, wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. In ya wanke hoto ya ba mai shi, sai ya riƙe dodon, wato ɗan fallen fim ɗin nan da baƙi ke komawa fari, fari ya koma baƙi, har ka ga mutum da farar fuska da baƙaƙen haƙora. Kowane dodo da 'yar ambulan ɗinsa, da sunan mai shi a baya. Haka ya cika akwatin ƙarfe guda har baki.

Da Allah ya yi masa rasuwa, Baffa ne ya zauna rabon gado. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, manomin shinkafa, mutum mai tsoron Allah da taurin kai daidai wa daida. Mu uku ne 'ya'yan da suka rage: Yaya, wadda ke aure nan Argungu, sai ni, sai ƙanena da ke noma a Gulma. Aka gama da gona, aka gama da gida, aka zo kan akwatin. Ni a lokacin ban daɗe da gama makaranta ba, kuma ni kaɗai na taɓa zama da Baba a ɗakin duhu na ga yadda yake lallaɓa abin nan. Na ce a bar akwatin yadda yake a hannun mutum guda, duk mai bukatar hoto ya zo ya nema.

Baffa ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Dukiyam mamaci ta. Ko allura yab bari, sai an hidda rabon kowa. Ko so kakai ka kwana da haƙƙin 'yan'uwanka?"

To wa zai zauna ƙidayar dodanni ɗaya bayan ɗaya? Sai ya aika aka ɗauko mudu. Da aka zuba na farko ya ga ambulan suna tokare juna, mudu ya cika da iska, sai ya ce wannan awon akwai cuta a cikinsa, a cire takardun. Ina ji ina gani aka zazzage su a tabarma, sunaye gefe guda, fuskoki gefe guda. Namiji mudu biyu, mace mudu ɗaya, ana zagayawa har akwatin ya ƙare. Inna, mahaifiyarmu, ta aiko daga ɗaki cewa ta yafe nata. Ambulan ɗin kuwa da su aka hura wutar tuwo a ranar.

Rabona na taho da shi Birnin Kebbi da na samu aiki, na zuba a kwali na ɗora saman kabad. Yana nan na yi aure, na haihu, na fara furfura, na koma Gwadangaji a gefen garin, na ɗauko Inna ta dawo wurina da ƙarfinta ya ragu.

Akwai wanda ban ambata ba cikin 'ya'yan Inna, domin haka muka tashi ba a ambatonsa. Shi ne ɗan farinta. Tun da aka yaye shi kakarmu ta tafi da shi Gulma, a can ya girma, sai da salla yake zuwa. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, in ya shigo ɗaki sai ta tuna da wani aiki a madafa. Kunyar ɗan fari ce, kuma matan zamaninsu ba su ɗauke ta da wasa ba. Sanƙarau ya ɗauke shi wata bazara, ya fara tasawa ke nan, ni ina rarrafe. Hotonsa ɗaya tak aka taɓa ɗauka. Yaya ta ce an manna shi a bangon ɗakin Baba, Inna ba ta taɓa tsayawa a gabansa ba, kuma ya tafi tare da bangon shekarar da ruwa ya ci unguwarmu.

Sai ga ciwon ido ya kama Inna. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana tsukewa daga gefe-gefe, abin da take gani bai wuce mutum ya leƙa ta kafar makulli ba. Magani zai ja lokaci, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Wata la'asar tana zaune a tabarma tana tsince tsakuwa daga shinkafa, da yatsa take yi ba da ido ba, ni ina gefe ina shan shayi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Tarkacen ga na ubanku da anka raba, suna nan?"

Na ce nawa dai suna nan.

Ta daɗe tana juya shinkafar a faifai. Can ta ce, "Ka diba mani ko akwai na babbanku ciki. Ina son in gani tun idon na da sauran amfani."

Tun da nake ban taɓa jin ta kawo zancensa ba, ko da ta irin wannan kewaye-kewaye. Na ce to, Inna. Na tashi na shige ɗaki don kada ta ji muryata ta canza.

Da na buɗe kwalin wani tsami ya bugi hancina, irin na ruwan tsamiyar da ta kwana. Na san warin, alama ce fim ya fara cin kansa. Wasu sun nannaɗe, wasu sun yi ƙuraje, wasu fumfuna ta yi musu saƙa daga gefe zuwa gefe. Na zauna a bakin gado ina jin haushin zafin garin nan, da haushin kabad, da haushin Baffa wanda ya daɗe a kabarinsa. Allah ya jiƙansa, amma ni dai ban huce ba.

Ina da maƙwabci mutumin Filato, Kirista, ya daɗe a Birnin Kebbi har 'ya'yansa sun fi nawa iya Kabanci. Yana da shagon kwamfuta inda ɗalibai ke buga takardunsu, kuma a ƙarƙashin teburinsa akwai wata tsohuwar sikana mai fitila a murfi, wadda ke karanta dodon hoto ta mayar da shi hoto sosai a allon kwamfuta. Na yi masa bayani, ya ce ba damuwa, mu riƙa zama ranar Asabar, da Lahadi in ya dawo daga coci. Mutum ne mai sanyin hali, ni kuma Allah bai ba ni wannan ba, shi ya sa aikin ya yiwu.

Aikin ba shi da wuyar fahimta, ran mutum kawai yake ci. Sai ka sa safar hannu ta auduga, ka riƙe dodon ta gefe, ka kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Na matata na kwalliya na sace, har yau tana yi mini gori. In akwai fumfuna, ka ɗiga sifirit a auduga ka shafa a hankali, kada ka danna. Ba a kunna fanka, domin za ta tayar da ƙura, ba a buɗe ƙofa, kuma in gumin goshinka ya ɗiga a kai ka ɓata na wani. Haka muke zama a rufe da rana tsaka, tawul a wuya, ɗalibai suna bubbuga ƙofa suna cewa takardarsu ta gaggawa ce. Sikanar kuma tsohuwa ce, tana jan jiki tana gurnani kafin ta gama guda ɗaya. Sai ta kai rabi a ɗauke wuta. Mu tayar da janareta, mu fara daga farko, mai ya ƙare. Akwai ranar da na fita bayan shagon na zagi bango, don babu wanda zan zaga.

Babbar matsalar ita ce ban san fuskar da nake nema ba. Na kira Yaya a waya, ita ce ta san shi.

Ta ce, "Shina sanye da agogon Baba, ya yi mai yawa ga hannu. Kuma shina riƙe da rediyo."

Na ce, "Haba Yaya, rediyon nan na shago ne. Rabin yaran Argungu sun riƙe shi an ɗauke su."

"To kai kas sani. Amma ba shago anka ɗauke shi ba. Ranas salla ta, Baba yaz zo da labulen gida yar rataya ga bango. Ka diba ƙasa. In ka ga rairai ba leda ba, shi na."

Daga ranar muka bar kallon fuskoki, muka koma kallon ƙafafun mutane. Mu ɗaga dodo a hasken taga, mu duba ƙasa, in leda ce mu share shi mu ajiye. Ban iya zubar da ko ɗaya ba. Duk wanda muka share sai na sa shi a sabuwar ambulan ta farar takarda, na jera a roba mai murfi, na jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Maƙwabcina ya ce a firij ake ajiye irinsu. Na ce firij ɗin da ke yin sanyi yau ya yi gumi gobe, ai gara saman kabad. Ambulan ɗin dai farare fat suke, ba suna, domin sunayen sun tafi a murhu. Na gama rabona kaf, duk leda ce a ƙasa.

Kullum in na dawo Inna za ta ji takuna ta ce, "An gani?" In ce tukuna. Ba ta ƙara komai a kai. Amma na lura ta fara laluben butarta a inda da take miƙa hannu kawai ta ɗauka.

Na hau mota na tafi Argungu wurin Yaya. Na yi zaton miƙo mini kawai za ta yi, ashe ban san 'yar'uwata ba. Ta bari na ci abinci, na sha ruwa, sannan ta gyara zama.

"Yanzu sunka yi daraja ke nan? Da anka ba ni mudu guda kuna kwasan bibbiyu, wa yac ce uffan?"

Na ce, "Yaya, ni na ce kada a raba ma gaba ɗaya."

"Ka ce. Amma naka ka ɗauka."

Na zauna ina cin raina. Da ta gaji da ja mini rai ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado, inda take ajiye turaren wuta da humra. A nan dodanninta suke, suna ƙamshi kamar ɗakin amarya. Wasu sun yi maiƙo, na tambaya, ta ce ta ga sun bushe ne ta ɗan shafa musu man gyaɗa. Wasu kuma babu su, ta raba wa jikoki sun kalli rana da su shekarar da aka yi husufi. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce in na ɗaga mata murya ta mayar da kwallarta. Na rufe bakina. Ta sa na yi alkawarin zan dawo mata da abinta, sannan a bakin ƙofa ta riƙe mini hannun riga ta ce in an gani in wanke mata nata, ita ma tana so.

Goge man gyaɗa daga fim aiki ne da ba na yi wa maƙiyina fata. Muka yi ta yi har damina ta sauka. Nata ma duk leda ce a ƙasa.

Saura na Gulma. Na tafi ranar da aka kwana ana ruwa, mota ta sauke ni a Argungu, na hau babur, muka yi ta kewaye taɓo, shinkafa kore shar dama da hagu. Ƙanena ya taro ni da murna. Shi mutum ne marar hayaniya, bai yi karatun boko mai nisa ba, kuma duk cikinmu ya fi kowa son Baba. Da na faɗi abin da ya kawo ni, fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Yaya, kwantad da hankalinka. Nawa ko ɗaya bai ɓace ba. Ka tuna Baba na cewa abin ga sanyi shika so, zahi ka kashe shi? To ni ban manta ba."

Ya ja ni zuwa ɗakin matarsa, kusurwar da randa take. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san babu wuri mai sanyi a gida kamar gindin randa, inda ake tara rairayi ana yayyafa masa ruwa don ruwan sha ya yi sanyi. A nan ake ajiye goro, a nan ake ajiye duk abin da ba a so ya bushe. Ya durƙusa ya tona rairayin da hannu, ya zaro ƙullin leda, leda cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu.

Tun kafin in kwance na ji nauyinsa ba daidai ba. Dodannin sun manne da juna sun zama dunƙule guda, baƙi, mai danƙo, kamar curin daddawa. Gefensa fumfuna ta yi fari.

Abin da na faɗa masa a ɗakin nan ba zan rubuta shi duka ba. Na ce sanyi aka ce, ba jiƙa ba. Na ce shekara da shekaru yana shayar da su ruwa safe da yamma kamar shuka. Na ce gara Yaya da man gyaɗarta. Matarsa ta fice, shi kuma yana durƙushe, rairayi a hannunsa, yana kallon ƙullin. Da na gama sai ya ce a hankali, "Nan na wuri mai sanyi da nike da shi." Gaskiyarsa ne, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai, domin da sakaci ya yi da na san inda zan sauke fushina. Na ɗauki ƙullin na hau babur, ko abincin da aka dafa mini ban tsaya ci ba.

Maƙwabcina ya juya dunƙulen a hannunsa ya ce, "Malam, wannan sai ruwa. In ba a jiƙa ba, ba za su rabu ba."

Na ce in aka jiƙa, duk inda fumfuna ta ci zai narke. Ya ce to mu bar shi haka, mu zauna muna kallonsa har idon Mama ya rufe. Na ji kamar in mare shi, don na san ya fi ni gaskiya. Muka sayo tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, wanda ba gishiri a cikinsa, muka sanyaya shi, muka zuba a faranti mai zurfi, muka sa dunƙulen.

Sai an jira ya sha ruwa, sannan a ɗaga na sama da gefen yatsa, kaɗan-kaɗan, in ya ƙi a bar shi. Na waje-waje duk sun mutu. Kana ɗagawa za ka ga hoton ya saki jikin fim ya bi ruwa, mutum guda da rigarsa da hularsa ya zama baƙin gari a gindin faranti. Ban san su ba, amma duk wanda ya narke sai na ji kamar ni na tura shi. Da muka shiga ciki sai wasu suka fara fitowa da ransu. Mu ɗauraye, mu maƙala da maƙalin shanya a igiyar da muka ɗaura cikin shagon, mu jira su bushe. Asabar ta wuce, wata ta zo, muna ɓare dunƙulen nan fallen-fallen. A gida kuwa Inna ta daina tambaya, wannan ya fi tambayar tayar mini da hankali.

Wata Lahadi da azahar na ɗaga wani fallen, ya taho lafiya daga ƙasa, ya zo tsakiya ya ƙi. Na bar shi ya ƙara shan ruwa. Na sake gwadawa, ya saki da wata 'yar ƙara da ni kaɗai na ji. Na ɗaga shi a hasken taga, idona ya tafi ƙasa kamar yadda ya saba. Rairayi ne. Ga ƙafafu cikin takalmin salla, ga labulen Baba da benensa, ga rediyo, ga agogo ya zamo har bayan hannu. Daga haɓa zuwa bakin hula kuwa babu komai, fim ne fari tas, ana hango taga ta cikinsa. Na duba wanda ya manne da shi, na duba farantin. Ruwan ya riga ya yi baƙi.

Na zauna a ƙasan shagon da rigata ta fita. Wata da watanni, Argungu da Gulma, faɗa da 'yan'uwana biyu, ga ƙafa, ga hannu, ga rediyon banza ya fito har ana karanta lambobinsa, fuskar kaɗai ta tafi. Na yi kuka, kukan haushi, ba na ɓoyewa.

Maƙwabcina ya bar ni na gama. Da fallen ya bushe ya sa a sikana. Ya ce yanzu akwai manhajar da ke cike irin wannan gurbi, mu gwada. Ban hana shi ba. Nan take ta zana wani kyakkyawan yaro mai sumul ɗin kumatu, yana murmushi. Na tura wa Yaya a waya, ta kira ni tana faɗa, ta ce wannan ɗan wane ne? Ta ce shi a hannun kaka ya tashi, tsagar Kabawa gare shi har kunne, kuma bai iya murmushi a gaban Baba ba. Na ce wa maƙwabcina ya goge. Ba zan kai wa tsohuwa ɗan wasu in ce nata ne ba, ko da idonta ba zai kama ni ba.

Ya goge, hoton ya koma yadda yake, sai ya tsaya yana kallon allon. Ya nuna gefen hagu da biro ya ce, "Malam, wannan kuma wace ce?"

Dodon kyamarar Baba murabba'i ne, takardar hoto kuwa doguwa ce, saboda haka in zai wanke sai ya yanke gefe da gefe. Abin da ya yanke yana nan a jikin dodon. Labulen bai rufe bangon duka ba. Inda ya ƙare akwai ƙofar ɗaki, an ɗan ɗaga asabari da hannu ɗaya, ga wata matashiya ta leƙo da rabin jikinta. Ba kyamara take kallo ba, yaron take kallo. Fumfuna ba ta taɓa wurin ba ko kaɗan, har 'yan kunnenta ana gani.

Na sa ya wanke mini shi babba, duka, ba a yanke komai ba, ba a cike komai ba.

Da safe na kai mata, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofar ɗakinta, don a lokacin idon ya fi yi mata aiki. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, an samu. Amma ba duka ba."

Ta goge hannunta a zane ta karɓa. Ta kawo takardar dab da idonta na dama, tana matsar da ita a hankali, domin ba ta iya ganin hoton gaba ɗaya sai yanki-yanki. Daga ƙasa ta fara. Ta daɗe a kan takalman. Ta hau zuwa hannu, ta tsaya.

Ta ce, "Hannun nai na. Yatsun ubanku gare shi."

Ta ci gaba zuwa sama, ta wuce wuyan riga, ta kai wurin da ya fito baƙi ƙirin a takardar, ta wuce shi har hula, ta dawo. Ta karkata takardar wajen haske, ta sake dawowa.

"Idona na, ko babu?"

Na ce, "Babu, Inna. Danshi ya ci wurin."

Ba ta tambayi danshin ina ba, ni ma ban faɗa ba. Ta sauke takardar a cinyarta. Na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na ɗaga mata hoton na matsar da gefen hagu saitin idonta, na ce ta duba nan.

Ta duba. Ta ƙara matso da shi har yana taɓa hancinta.

"Wace mara kunya ta wagga?"

"Ke ta, Inna."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ta ce, "Ashe ubanku ya gan ni. Bai taɓa hwaɗi ba." Sai ta sa yatsa a fuskar matashiyar, ta ja shi a hankali ta bi inda idanunta suka nufa, har ya sauka a baƙin gurbin nan, ya tsaya.

"Ita tana ganinai," in ji ta. "Dibi yadda taka dibinai. Ni kau kamanninai sun ɓace mani tun da daɗewa, shi yas sa nit tambaye ka. Duk dibin da niy yi mai duniya irin wanga na, ta bayan asabari."

Na ce ko in ajiye mata shi a ɗaki. Ta ce in bar shi, rana ba ta gota ba tukuna. Na tashi na tafi aiki na bar ta a bakin ƙofa, takardar tana manne da idonta.